Yadda Su Ya Sauya a Gulbin Rima

Kafin a san madatsar ruwa a ƙasar Sakkwato, ambaliya ce ke tsara wa masunta shekararsu. Gulbin Rima yana tattaro ruwan Bunsuru da Gagare da gulbin Maraɗi, ya gangaro ta Goronyo da Wurno, shi kuwa gulbin Sakkwato ya biyo ta Rabah, su haɗu kusa da birnin Shehu. A bakin wannan fadamar ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗin Wurno, inda aka binne shi a 1837.

Idan damina ta nutsa, sai ruwa ya malale fadama, wasu ƙauyukan tudu su koma tamkar tsibiri, ba shiga ba fita sai da kwalekwale. A cikin ciyawar da ruwa ya shanye kifi ke hayayyafa. Da kaka ruwa ya janye, ya bar tafkuna maƙil da tarwaɗa da karfasa da ƙurungu. Ba mai taɓa su sai Sarkin Ruwa ya sa rana. Ranar su, mutum zai kifa ciki a kan gora, homa a hannu biyu, yana tura ruwa da ƙafa, abin da ya kamo ya jefa cikin gorar. Ko tafki ya ƙafe abinci bai ƙare ba, domin gaiwa na kwance cikin busasshiyar laka, sai a haƙo ta.

Madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978, ta rage ambaliyar da ke isa fadamun Rabah, kamun kifi ya ja baya. A 1984 aka kammala ta Goronyo, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942. Ba a musun amfaninta: birnin Sakkwato na sha daga gare ta, manoman rani sun samu shinkafa da albasa da tafarnuwa. Amma su ya koma babban tafki, wurin masu jirgi da kalli, kuma ruwan fadama ya koma jiran ranar da za a buɗe ƙofar madatsa. A 2010 ya zo da yawan da ya cinye gidaje da gonaki a Goronyo da Wurno, a 2018 kuma tafkin ya kusa ƙafewa.

Ya kamata Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta riƙa zama da sarakunan ruwa kafin ta tsara sakin ruwa, domin su suka san watan da kifi ke zuba ƙwai.