Tsakanin Antara da Shaihu Umar: Adabi da Ginuwar Ɗalibin Sakandare Bahaushe a Bani Malik ta Jidda

A makarantunmu, idan aka tambayi ɗalibin sakandare abin da ya ƙaru da shi daga littafin adabi, amsar da ake jira ita ce darasi: haƙuri, biyayya ga iyaye, illar kwaɗayi. Malami ya ba da maki, a wuce. Wannan maƙala na ganin cewa awon ya yi kaɗan. Babban abin da adabi ke yi wa matashi shi ne ya ba shi harshen da zai fahimci matsayinsa a duniya, ya kuma iya faɗinsa ba tare da kunya ko ƙarya ba. Wurin da ya fi dacewa a gwada wannan da'awa shi ne inda matsayin yaro ke da sarƙaƙiya tun daga haihuwa, shi ya sa na ɗauki ɗalibi Bahaushe da ya tashi a unguwar Bani Malik ta birnin Jidda.

Zaman Hausawa a ƙasar Hijaz ya girmi daular Saudiyya ta yau. Hanyar hajji ta ƙasa, wadda ta bi ta Borno da Wadai da Darfur zuwa gaɓar Bahar Maliya, takan ci mutum shekaru, kuma da yawa ba su komo ba. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, jama'a masu yawa suka ci gaba da nausawa gabas. Wasu suka kafa Maiwurno a Sudan, wasu suka tsallaka teku. Jikokin waɗanda suka fara zama a Hijaz sun zama 'yan ƙasa, suna ɗauke da sunan Hausawi, har uku daga cikinsu, Usama da Umar da Mu'utaz, suna cikin tawagar ƙwallon ƙafar Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Waɗanda suka zo daga baya kuwa wasu na zaune da iƙama, wato takardar zama, wasu babu takarda ko ɗaya, kuma su ne a gida ake kira 'yan Takari. Bani Malik, da ke tsakiyar Jidda ba nisa da tsohon filin jirgi, ta kasance cikin unguwannin da talakawan ƙasa da baƙi daga Afirka da Yaman da Asiya suka cakuɗu saboda arahar haya, kamar yadda ya kasance a Sabil da Kandara da Gulail da Karantina.

Yaron da ya tashi a nan yana jin Hausa a ɗakin mahaifiyarsa, yana wasa da Larabcin Hijaz a lungu, yana rubuta jarrabawa da Larabcin littafi. A titi launin fatarsa kan riga shi magana. Idan aka kai shi Kano ziyara, 'yan uwa su yi dariyar Hausarsa, su ce ɗan Larabawa. Yana da shekara goma sha shida ke nan, lokacin da tambayar ko shi wane ne take hana barci.

A cikin wannan hali ne darasin adabin Larabci yake gabatar masa da mawaƙan Jahiliyya, kuma a cikinsu akwai Antara ɗan Shaddad. Uban Antara ɗa ne daga ƙabilar Abs, uwarsa Zabiba baiwa ce Bahabashiya. An bar shi yana kiwon raƙuma a matsayin bawa, uban bai amsa shi a matsayin ɗa ba sai ranar da ƙabilar ta matsu da takobinsa. Ya so 'yar baffansa Abla, aka yi ta ja masa rai saboda asalinsa. Duk da haka waƙarsa ta shiga cikin Mu'allaƙat, waɗanda Larabawa ke ɗauka a matsayin ƙololuwar fasaharsu. Ɗalibin da bai taɓa ɗanɗana wariya ba yana iya haddace baitocin don jarrabawa ya manta. Ɗan Bani Malik kuwa yana karanta mutumin da ya ambaci baƙinsa da bakinsa, bai nemi afuwa ba, ya kuma tilasta wa harshen masu raina shi ya adana sunansa fiye da shekara 1400.

Sai dai nan ne ya kamata manazarci ya yi hattara, domin ganin kai a cikin tauraro matakin farko ne kawai, kuma yana da haɗari. Antara ya sami karɓuwa ne da sharaɗi: sai da ya fi kowa jarumta aka yarda shi ɗa ne. Matashin da ya tsaya a nan zai fita da imanin cewa mutuncinsa abu ne da sai ya saya da bajinta, ko a filin ƙwallo ko a sakamakon jarrabawa. Ginuwa ta gaskiya tana farawa ranar da ya tambayi waƙar: ina Zabiba? Me ya sa muke jin muryar ɗan, ba mu jin ta uwar? Me ya sami sauran 'ya'yan bayin Abs da ba su iya takobi ko waƙa ba? Wannan tambaya ba ta cikin jerin darussan da ake haddacewa. Nazari ne ke haifar da ita, wato koyon duba abin da marubuci ya faɗa da abin da ya tsallake.

Abin mamaki, amsar tambayar tana cikin littafin Hausa da mai yiwuwa yaron bai taɓa riƙewa ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito a 1934, cikin littattafan da gasar Hukumar Fassara ta Zariya ta haifar a ƙarƙashin Rupert East, tare da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Labarin yaro ne da aka raba da gida, ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya tsallaka Sahara da shi, ya rene shi, ya ba shi ilimi. Amma zuciyar littafin ita ce uwar. Ta bar komai ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta, aka sayar da ita, ta sha azabar bauta, kuma da ta gan shi a ƙarshe ba ta daɗe ba ta rasu. Ɓalewa bai mai da Larabawa duka azzalumai ba, bai kuma wanke Hausawa ba, domin farautar bayi a gida aka fara ta. Ɗalibin da ya ajiye wannan littafi kusa da Mu'allaƙar Antara zai ga tarihi ɗaya daga ƙofa biyu, kuma zai gane cewa tarihin bai yi nisa ba: sai a 1962 aka haramta bauta a Saudiyya, kakanninsa na raye.

Akwai masu ganin haɗa waɗannan biyu tilas ne, wai adabin Larabci na wasu ne, na Hausa namu. Tarihin karatu a ƙasar Hausa bai goyi bayansu ba. A zaurukan malaman Kano da Zariya da Sakkwato an daɗe ana karanta waƙoƙin Jahiliyya da Maƙamat na Hariri da Burda da Ishiriniya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai sami zuwa hajji ba, amma Daliyyarsa ta begen Madina da Larabci ya tsara ta, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa. Yaron Jidda da ke feɗe baitin Zuhairu ko Imru'ul Ƙaisi yana kan tabarmar kakanninsa ne, ko da babu wanda ya gaya masa. Kuma yana da wata dama da takwaransa na Kaduna ya fara rasawa: idonsa ya saba da baƙaƙen Larabci, don haka ajami ba zai ɗauke shi lokaci ba. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne Hausar boko, wadda kusan duk ƙagaggun labaranmu da ita aka buga su.

Adabin Saudiyya na zamani ma ya fara kallon irin unguwarsa. Mahmud Tarawri, marubuci mai tushen Afirka ta Yamma, ya rubuta Maimuna a farkon shekarun 2000, labarin iyalin da suka taso daga yammacin Afirka don hajji suka zauna a Hijaz. Abdu Khal ya ci babbar kyautar ƙagaggen labarin Larabci ta duniya a 2010 da Tarmi bi Sharar, wanda ya ɗora a kan wata matalauciyar unguwa ta Jidda da wani ƙasaitaccen gida da ya tare mata teku. Littafi ne mai zafi, ba na aji ba, kuma ba zan miƙa wa yaro shi ba tare da jagora ba. A shekarar da ta biyo baya Raja Alim ta raba kyautar da wani marubucin Maroko saboda Ɗauƙul Hamam, wanda ya bi tsofaffin lungunan Makka da gine-ginen zamani ke haɗiyewa.

Wannan haɗiya ta iso Jidda a Oktoban 2021, lokacin da hukuma ta fara rushe unguwannin da ta ce an gina ba bisa tsari ba, sama da 60. An dakata a azumin 2022, bayan salla aka ci gaba, kuma Bani Malik na cikin waɗanda abin ya shafa. Ƙungiyar Amnesty ta ƙiyasta cewa rusau ɗin ya taɓa mutum sama da rabin miliyan, ta kuma nuna cewa diyyar rusau ɗin ba ta haɗa da baƙi ba. Hukuma na da hujjojinta na tsaro da tsafta da tsarin birni, kuma ba a nan za a yanke wannan shari'a ba. Abin da ya shafi batunmu shi ne ɗalibin da ya fara sakandare a lungu ɗaya ya ƙare ta a wata unguwa, ko a wata ƙasa. Waƙar Jahiliyya takan buɗe da tsayuwa a kan kufai, mawaƙi na duba inda masoya suka taɓa zama. Ga mafi yawan ɗalibai wannan salo ne da ake ba maki biyu a jarrabawa. Ga wannan ɗalibi kuwa, bayanin abin da ya gani ne da idonsa.

Dole a saurari ƙorafin iyaye, domin ba na jahilci ba ne. Uban da ke fafutukar sabunta iƙama, ko uwar da ke aikatau a gidajen mutane, suna da gaskiya idan suka ce waƙa ba ta biyan haya, gara yaro ya kama lissafi ko kwamfuta. Adabi ba zai ba shi takardar zama ba, kuma duk mai cewa zai ba shi yana ruɗinsa. Amma yaron da za a iya tasa ƙeyarsa zuwa ƙasar da bai sani ba, ko ya zauna a ƙasar da ba ta ƙirga shi, yana bukatar abin da ba a ƙwacewa a tashar jirgi. Wanda ya iya karanta rubutu da lura, ya iya tsara hujja, ya iya ba da labarin kansa da harshe biyu, ya fi ƙarfin a gaya masa ko shi wane ne ya amsa kawai.

Laifin da ya rage namu ne, mu na gida. A ganina adabin Hausa ya fi kallon Jidda da idon alhaji mai wucewa ko ɗan kasuwar Kano-Jidda, ba da idon wanda aka yanke wa cibi a can ba, kuma idan an tuna da 'yan Takari galibi don barkwanci ne. Sassan nazarin Hausa na Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, tare da ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya da ke Jidda, suna iya yin abu mai sauƙi: a tanadi Shaihu Umar da Magana Jari Ce cikin ajami da boko gefe da gefe, a kai su hannun waɗannan yara, sannan a buɗe musu shafi a mujallunmu su rubuto abin da suka sani na Bani Malik, da Hausarsu yadda take, tun waɗanda suka san lungunan suna da sauran ƙuruciyar tunawa.