Haɗana: Abin Da Ke Ƙarfafa Hujjar Uwa Ko Uba Gaban Alƙali

Haɗana ita ce riƙon yaro da kula da tarbiyyarsa bayan rabuwar aure ko rasuwar miji. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala da Mukhtasar Khalil, uwa ce kan gaba: tana riƙe namiji har ya balaga, mace kuwa har ta tare ɗakin mijinta. In haƙƙinta ya faɗi, sai kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a zo ga dangin uba. Ciyarwa da tufatarwa suna kan uba ko yaro yana hannun wa.

Sharuɗɗan da alƙali yake dubawa su ne hankali, amana, ikon kula da yaro, amintaccen muhalli da kuɓuta daga cuta mai yaɗuwa. Uba mai neman riƙo sai ya nuna akwai macen da za ta kula da yaron a gidansa. Uwa in ta tare da mijin da ba muharramin yaron ba, haƙƙinta ya faɗi, sai dai in mai bi mata ya sani ya yi shiru shekara 1 ba tare da uzuri ba.

Don haka muke nasiha: a nemi shaidu adalai, a adana takardar haihuwa da ta makaranta da shaidar ciyarwa, kada a ɓoye yaro ko a hana shi ganin ɗaya mahaifin. A fara da sulhu gaban malamai kafin kotu. Allah Ya shiryar mana da zuri'a.