Zaɓen ƙaramar bindiga don wasan harbi

A wasan harbi, nau'in gasa ne ke tantance bindigar da ɗan wasa zai riƙe. Hukumar wasan ta duniya, ISSF, ta gindaya ƙa'idojin da ake bi har a gasar Olamfik.

A gasar mita 10 ana amfani da bindiga mai aiki da iska, wadda faɗin harsashinta milimita 4.5 ne, kuma nauyinta bai wuce kilo 1.5 ba. Ta gasar mita 25 kuwa tana cin harsashi mai milimita 5.6, nauyinta bai haura kilo 1.4 ba. Ana auna taurin kunama kafin gasa, bindigar da ta saɓa ƙa'ida kuma ba ta shiga fili.

Tunda a tsaye ake harbi da hannu ɗaya, wajibi ne mariƙin ya zauna daidai a tafin hannu. Masu koyo kan fara da ta iska, domin ba ta girgiza hannu, harsashinta kuma yana da araha.

A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta haramta mallakar kowacce daga cikinsu ba tare da lasisi ba.