SHEKARUN SHIRI: YADDA WAƊANDA SUKA RIGA MU SUKA RIƘE AMANA

Ranar Jubili ranar lissafi ce. A cikin Littafin Firistoci sura 25 Allah ya umurci Isra'ilawa su ƙidaya shekara bakwai har sau bakwai, sa'an nan su busa ƙaho cikin shekara ta hamsin. Mu ma a nan Titiru, cikin birnin Faraku, tare da 'yan'uwanmu na Jugu, mun zauna mun lissafta shekarun da Allah ya bi da wannan aiki. Abin da muka tarar shi ne, shekarun koyo da jira sun fi shekarun girbi yawa ƙwarai. Saboda haka muka ga ya kamata mu rubuta labarin waɗannan shekaru, musamman domin samari da matansu waɗanda su ke cikin makarantun Littafi Mai Tsarki yanzu, suna shirin aikin bishara, wani lokaci kuwa zuciya ta kan raya musu cewa jiran ya yi tsawo.

SAMARI UKU A IKKO

Ran 4 ga watan Disamba 1893 waɗansu samari uku suka sauka a Ikko, wato Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Nufinsu su kai bishara cikin Sudan, sunan da a ke kiran ƙasashen baƙar fata na kudancin Hamada a zamanin nan. Ba wata ƙungiyar mishan da ta yarda ta aike su, kuɗinsu kuwa kaɗan ne. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham, sai ya tsaya a Ikko domin ya riƙa aika wa sauran guzuri. Biyun suka shiga ƙasa. Kafin shekarar 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, ta wajen Zariya, Kent kuma ya rasu a Bida. Bingham ya koma gida cikin 1895, ba shi da ko mutum ɗaya da zai ce ya tuba ta bakinsa.

To, me ya yi da ya koma? Wannan ne a kan manta a wurin ba da labarinsa. Ya shiga asibiti ya koyi abin da ya sawwaƙa na aikin magani, gama ya ga abin da jahilcin zazzaɓi ya yi wa abokansa. Ya ƙara karatun Littafi Mai Tsarki. Ya karɓi kiwon wata ƙaramar ikkilisiya a Amurka, ya yi aure, yana ta roƙon mutane kada su manta da Sudan. Cikin 1900 ya sake zuwa Ikko, zazzaɓi ya sake kama shi, aka sa shi a jirgi aka komar da shi. Sai a zuwa na uku, wanda shi kansa ba ya cikin matafiyan, aka kafa tashar farko a Fategi, bakin Kwara, cikin 1902. Daga saukarsu Ikko zuwa wannan rana shekara takwas ke nan da 'yan watanni. Daga nan ne mishan ɗin da a ke kira S.I.M. ya tsaya da ƙafafunsa.

Bingham ya rubuta littafin tarihin mishan domin Jubili na 1943, amma Ubangiji ya kira shi cikin Disamba 1942, bai ga bikin ba. Bai kuma ga ranar da mishan ya shigo ƙasarmu ba.

LIKITOCI BIYU DA HARSHEN HAUSA

Cikin 1902 wani mai sayar da magani a Toronto, Andrew Stirrett, ya nemi a ɗauke shi. Shekarunsa sun kusa arba'in, shugabanni kuwa suna shakkar ko zai iya. Bai yi fushi ba. Ya ba da dukiyarsa ga aikin, ya shiga jirgin ruwa mai ɗaukar shanu zuwa Ingila, aka yarda ya tafi bisa gwaji. Mutumin nan da aka ɗauka bisa gwaji ya yi aiki har ya rasu a Jos cikin 1948. Hausawa suka sa masa suna Bature Mai Magani. Ya kan tsaya cikin kasuwa ya yi wa'azi da Hausa, yana kuwa cikin waɗanda suka yi aikin juya Littafi Mai Tsarki.

Ɗayan shi ne Dokta Walter Miller na mishan ɗin C.M.S. Kafin ya taka ƙasar Hausa sai da ya tafi Tarabulus ya zauna wurin Hausawan da ke can yana koyon harshe. Cikin 1900 ya iso Kano tare da Bishop Tugwell, amma Sarki Aliyu bai yarda su zauna ba, suka juya. Sai 1905 ya sami zama a birnin Zariya. Littafi Mai Tsarki dukansa cikin Hausa bai fito ba sai 1932. Duk wanda ya buɗe shi a zangon Faraku ko na Jugu yana cin amfanin shekara talatin da wani abu na mutanen da suka zauna bisa tabarma suna tambayar ma'anar kalma ɗaya ɗaya.

ƘASAR BARGU DA JUGU

Tun kafin zuwan Turawa fataken Hausa sun san wannan ƙasa. Ayarin goro daga Gwanja zuwa Kano ya kan bi ta Jugu da Faraku da Nikki, shi ya sa har yau a ke jin Dendi da Hausa cikin kasuwanninmu. Amma bishara ta daɗe ba ta bi wannan hanya ba. A bakin teku 'yan Metodis sun soma tun wajen 1843, arewa kuwa ta jira shekara ɗari.

Dahome tana hannun Faransa a lokacin, dokar Faransawa kuwa tun 1922 ta ce ba za a koyar a makaranta ba sai da Faransanci. Don haka ma'aikacin mishan mai jin Ingilishi tilas ya fara zama ɗalibi ya koyi Faransanci, in ya iso kuma ya sake zama ɗalibi a gaban manomi, ya koyi Barganci ko Yom ko Fulatanci. S.I.M. ya shiga Damagaram cikin 1924, amma bai buɗe tasha a Dahome ba sai 1946, a Kandi. Daga can aiki ya kai Nikki da Faraku da Jugu. Cikin 1961, shekara guda bayan ƙasa ta sami mulkin kai, aka buɗe asibitin Bembereke.

Turawa ba su da yawa, ƙauyuka kuwa ba su ƙidayuwa. Waɗanda suka kai Maganar Allah lungu lungu 'yan ƙasa ne, kuma ga yadda a kan shirya su. Saurayi ya kan fara da ajin koyon karatu, har ya iya karanta Bishara da kansa. Dattawa su dube shi shekara ɗaya ko biyu, su ga zamansa da iyayensa, da yadda ya ke biyan bashi, da yadda ya ke riƙon matarsa. Sa'an nan a aike shi makarantar Littafi Mai Tsarki tare da iyalinsa. Da safe aji, da yamma gona, gama abin da ya noma shi zai ci. Matarsa ma tana da nata aji, da goyo a baya. Da rani ɗalibai su fita biyu biyu zuwa ƙauyuka. In ya gama, a kai shi inda ba ɗakin sujada, ya roƙi sarkin gari fili, ya gina ɗakinsa, ya yi kunyar doyarsa, ya fara tara yara a gindin itace. Irin wannan tarbiyya ce aka yi a Kagoro ta Nijeriya da Tsibiri ta wajen Maraɗi, ita ce kuma ta haifi ƙungiyar aika masu bishara 'yan ƙasa a Nijeriya cikin 1948, da ikkilisiyar E.C.W.A. cikin 1954.

RANAR GWAJI

Amfanin wannan doguwar tarbiyya ya bayyana sa'ad da iska ta juya. Ran 26 ga Oktoba 1972 soja suka karɓi mulki ƙarƙashin jagorancin Mathieu Kérékou. Ran 30 ga Nuwamba 1974 aka yi shelar cewa ƙasa ta bi aƙidar gurguzu ta Markis da Lenin, shekara guda bayan haka aka sake mata suna ta zama Benin. Gwamnati ta karɓe makarantun mishan. Aka koya wa yara aƙidar da ba ta bar wa Allah wuri ba. Saurayin da ya ce zai zama mai bishara a waɗannan shekaru, ya san ba girma ko albashi a gabansa.

Duk da haka ikkilisiyoyin da a ke kira U.E.E.B., masu hedkwata a nan Faraku, ba su watse ba. Mutanen da suka saba ci daga fartanyarsu ba su rasa abinci ba don an rufe wata ƙofa. Mutanen da suka haddace Maganar Allah cikin harshen uwarsu ba su rasa abin koyarwa ba. A cikin waɗannan shekaru masu wuya ne aka buga Sabon Alkawari da Barganci, cikin 1977, da na Yom, harshen mutanen Jugu, cikin 1985. Taron ƙasa na Fabrairu 1990 ya kawo ƙarshen mulkin gurguzu. Littafi Mai Tsarki dukansa da Barganci ya fito cikin 1996, wato shekara hamsin daidai bayan buɗe tashar Kandi. 

GARE KU DA KU KE SHIRI YANZU

Gwajinku dabam ne da nasu, amma bai fi nasu sauƙi ba. Tun 2001 akwai jami'a a Faraku, tsararrakinku suna fita da manyan takardu, ku kuwa kuna aji da fartanya a bakin ƙofa. Wani abokinku ya sayi babur yana kabu-kabu a bakin kasuwar Arzeke, kowace yamma da kuɗi a aljihunsa. Iyaye suna tambaya yaushe za ku fara taimakon gida. Waɗannan tambayoyi ba na wasa ba ne, ba kuwa za mu ce muku yunwa ba ta da zafi ba.

Akwai kuma gwajin gaggawa. Tun 2008 gidan rediyon TWR da ke kusa da Faraku yana watsa bishara da Hausa da waɗansu harsuna har cikin Nijeriya, yau kuma kowane saurayi mai waya yana iya sa muryarsa ta kai Kwatano kafin ya gama aji ɗaya. Muna gode wa Allah saboda waɗannan hanyoyi. Amma murya ta kan yi nisa ta bar hali a baya. Mun ga waɗanda suka bar makaranta a shekara ta biyu, suka kama haya, suka rataya allo da sunan fasto, kafin damina uku kuwa rigimar kuɗin baiko ko ta mace ta watsa garken. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Ga kuma tsoro. Tun ƙarshen 2021 'yan bindiga suna kai hari a arewacin ƙasarmu, ta wajen iyakar Burkina Faso da Nijar. Waɗansunku can za a aike ku. Wanda bai koyi tsayawa ba sa'ad da abin da ke damunsa rashin kuɗin sabulu ne kawai, da wuya ya tsaya a ranar da za a ce masa ya kwashe iyalinsa da dare.

Littafi ya nuna mana mutum biyu da suka yi tafiya da Manzo Bulus. Dimas ya fara da kyau, daga baya ƙaunar duniya ta janye shi. Markus ya gudu daga aiki a Bamfiliya, amma ya komo ya sake koyo a hannun Barnaba, har Bulus da bakinsa ya shaida amfaninsa a ƙarshe. In akwai wanda ya bar aji yana jin kunyar komowa, hanyar Markus a buɗe ta ke. Bulus kansa ya yi shekaru a Arabiya da Tarsus kafin Barnaba ya je ya ɗauko shi. Da ya zo gaya wa Timoti irin mutanen da zai danƙa wa koyarwa, cikin wasiƙa ta biyu sura 2, aminci ya fara ambata kafin iya koyarwa.

Aminci kuwa a makaranta a ke fara shi, cikin abubuwan da ba mai gani. Kadan an aike ka kasuwa da kuɗin makaranta, ka kawo canji daidai. Kadan ka ranci mudun masara wurin maƙwabci, ka biya kafin ya tambaya. Ka tashi ka yi addu'a tun kafin a buga ƙararrawa. Ka kiyaye alkawarin da ke tsakaninka da matarka, ko yarinyar da ka ke tashi. Ka koyi harshen mutanen da za a aike ka wurinsu, ko da ba naka ba ne, yadda Miller ya koyi Hausa a Tarabulus. Ubangiji ya faɗa cikin Luka sura 16 cewa a kan ƙaramin abu a ke gane wanda za a ba babba.

GARE KU IYAYE DA DATTAWA

Ba daidai ba ne mu ce wa yaranmu su jure, mu kuwa mu naɗe hannu. A zuwan farko Bingham bai shiga cikin ƙasa tare da abokansa ba, amma shi ne mai aika guzuri. Kowace ikkilisiya da ta aiki ɗalibi, bari ta tuna da shi ranar girbi, ta ware masa doya da masara. Bari dattijo guda ya ziyarce shi ko sau biyu a shekara, ya tambayi lafiyar matarsa da 'ya'yansa. Bari mata zumunta su tuna da matan ɗalibai, gama sau da yawa su ne su ke ɗaukar mafi nauyin jiran. Ɗalibin da ya san ana tunawa da shi a gida ba ya saurin karaya.

Muna gode wa Allah saboda kaburburan Girku da Bida, da dukan masu bishara 'yan ƙasa waɗanda suka yi noma suka yi wa'azi a ƙauyukan Bargu da Jugu, waɗanda sunayensu ba su shiga littafi ba amma suna rubuce a sama. Allah ya ba 'ya'yanmu da ke makaranta haƙuri su gama shiri, ya sa a iske su da aminci ranar da zai kira su. Amin.