Hanyar Takoradi: Jiragen Yaƙin da Suka Bi Sawun Alhazai

Gabatarwa

Duk lokacin da aka tayar da zancen Yaƙin Duniya na Biyu a ƙasar Hausa, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne mazajen da aka kwasa zuwa Habasha da Bama, waɗansu suka komo da lambobin yabo a ƙirji, waɗansu kuwa ƙasa ta rufe idonsu a can. Sun cancanci a tuna da su. Sai dai akwai wani babi na yaƙin da ya gudana a kan idon mutanen Kano da Maiduguri, wanda ba a cika jin labarinsa ba. Tsakanin 1940 da 1943, jiragen sama na yaƙi fiye da 5,000 sun bi wata hanya da ta taso daga gaɓar tekun Afirka ta Yamma, ta ratsa Arewacin Nijeriya, ta ɓulle a Masar. Wannan maƙala za ta bi diddigin hanyar da jiragen da suka bi ta, domin nuna cewa ƙarfin makami yana rataye ne a wuyan hanyar da ta kai shi fagen fama, da hannayen da suka share ta.

Baƙin Farko

A ranar 1 ga Nuwamba 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman na Biyu, jirage uku na rundunar mayaƙan sama ta Ingila suka sauka a Kano. Samfurin De Havilland DH.9A ne, masu fukafukai hawa biyu, jikinsu katako ne da aka lulluɓe da yadi, kowanne na ɗaukar mutum biyu. Sun taso ne daga Helwan, kusa da Alƙahira, suka biyo ta Sudan da Chadi. Jagoransu wani matashin hafsa ne mai suna Arthur Coningham, kuma mai karatu ya riƙe wannan suna, don zai sake gamuwa da shi.

Abin lura shi ne, hanyar da suka biyo ba baƙuwa ba ce ga mutanen ƙasar. Ita ce hanyar da alhazai suka daɗe suna takawa daga Kano zuwa Barno, su wuce Wadai, su shiga Darfur, su gangara Kogin Nilu, har su kai gaɓar Bahar Maliya. Tafiyar da kan ci wa mahajjaci shekaru, yana yada zango yana noma ko ƙwadago don neman guzuri, ita jiragen nan suka yi cikin 'yan kwanaki. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano a kan wannan layi, aka share ƙananan filayen sauka a zango-zango.

Da Ƙofar Gaba Ta Toshe

A watan Yuni 1940 al'amura suka dagule wa Ingila. Faransa ta faɗi a hannun Jamus, Italiya kuma ta shiga yaƙin a ɓangaren Hitila. Sojojin Italiya na jibge a Libiya, idonsu na kan Masar da mashigin ruwan Suwes, wanda shi ne jijiyar da ta haɗa Ingila da Indiya da rijiyoyin man Gabas ta Tsakiya. Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila. Idan kuwa aka ce a zagaya ta ƙarshen kudancin Afirka, tafiya ce ta makonni masu yawa, alhali fagen daga ba ya jira.

Hausawa na cewa in hagu ta ƙiya, a koma dama. Sai aka tuna da layin nan na 1925. A watan Yuli 1940 tawagar farko ta injiniyoyi, ƙarƙashin hafsa H. K. Thorold, ta sauka a Takoradi, tashar jiragen ruwa ta Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Dabarar ita ce a kawo jiragen sama a wargaje cikin manyan akwatuna, a harhaɗa su a can, sannan a tuƙa su zuwa Masar. A watan Satumba ayarin farko ya tashi.

Wani abu guda ya kusa hana ruwa gudu. Nijar da Dahomi suna hannun gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus, kuma da Chadi ta bi sahunsu, da hanyar ta yanke a tsakiya. Amma a ranar 26 ga Agusta 1940 gwamnan Chadi, Félix Éboué, baƙar fata haifaffen Guyana ta Faransa, ya yi mubaya'a ga Janar de Gaulle. Wannan shawara ta mutum ɗaya ita ta buɗe wa dubban jirage ƙofa.

Jiragen da Zangunansu

Jirgin da ya fi yin suna a farkon wannan jigila shi ne Hawker Hurricane. Mai ɗaukar mutum ɗaya ne, da inji ƙirar Rolls-Royce Merlin da bindigogi takwas a cikin fukafukansa, yana gudun da ya haura kilomita 500 a awa. Don sararin Ingila mai sanyi da laima aka ƙera shi, saboda haka sai da aka maƙala masa matatar ƙura a ƙarƙashin hanci don kada rairayi ya cinye injin, aka kuma ƙara masa tankunan mai a ƙarƙashin fukafukai. Matuƙinsa ba shi da mai duba masa taswira. Don haka kowane ayari, na jirage kamar shida, yakan bi bayan Bristol Blenheim, jirgin jefa bama-bamai mai inji biyu da ma'aikata uku, wanda a cikinsu akwai masanin hanya. Blenheim shi ne madugu, sauran kuwa 'yan ayari. Daga baya jiragen Amurka suka biyo, irin su Tomahawk da Kittyhawk da Maryland da Baltimore.

Tsawon hanyar ya kusa kilomita 6,000, akan kuma ci ta cikin kwana shida. Ranar farko a kwana Legas. Kashegari a haye daji da duwatsu, tafiyar fiye da kilomita 800, a sauka Kano. Daga nan sai Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, sannan Janaina da Fashir a Darfur, sai Hartum, daga can a bi Kogin Nilu zuwa arewa ta Wadi Halfa har Masar. Matuƙan, waɗanda a cikinsu har da 'yan ƙasar Poland da suka tsero bayan an mamaye ƙasarsu, sai su komo Takoradi a jirgin fasinja su ɗauki wani ayarin.

Maƙiyin da ya fi addabar su ba ya ɗauke da bindiga. Da damina hadari ne mai tasowa kamar garu. Da hunturu kuwa hazo ne, wanda kan rufe ƙasa har matuƙi ya kasa ganin filin da ke ƙarƙashinsa. Wanda ya ɓace wa madugu, mansa ya ƙare, sai ya faɗa dajin da ba kowa. Shi ya sa aka riƙa shafa farin fenti a bayan jiragen, don masu nema su hango su daga sama. Waɗanda suka isa lafiya ma, sau da yawa sai an yi wa injinansu garambawul kafin su shiga yaƙi. Jamusawa sun san darajar hanyar, domin a Janairu 1942 jirginsu guda, samfurin Heinkel He 111, ya keto Sahara daga Libiya ya yi wa Fort Lamy ruwan bama-bamai, ya ƙone tarin man da aka tanada.

Hannayen da Suka Share Hanya

Jirgi ba ya tashi sai da fili, ba ya tafiya sai da mai. A nan ne 'yan ƙasa suka shigo. Leburori ne suka sare itatuwa, suka haƙo marmara, suka ɗauko ta a ka cikin kwanon sarki, suka daddaɓe filayen Kano da Maiduguri har suka iya ɗaukar manyan jirage. Man da ake sha a Kano jirgin ƙasa ne ke kawo shi daga Legas. Maiduguri kuwa dogo bai isa can ba sai 1964, don haka a manyan motoci ake jan gangunan mai a kan hanyar da damina ke mayarwa taɓo. A Darfur har raƙuma sun yi dakon mai. Littattafan yaƙi sun adana sunayen hafsoshi da lambobin jirage, amma direba da kafinta da ɗan dako sun wuce a matsayin adadi kawai. A wannan zamanin ne kuma aka tilasta wa dubban talakawan Arewa aikin haƙar kuza a Jos, daga 1942 zuwa 1944, inda da yawa suka rasa rayukansu. Yaƙin na Turawa ne, amma gumin da ya ciyar da shi har da namu.

Daga ƙarshen 1941 kamfanin Pan American na Amurka ya shigo ya faɗaɗa filayen, sojan Amurka kuma suka karɓi ragama a 1942. Kano ta zama zango a doguwar hanyar da ta taso daga Amurka ta Barazil zuwa Masar da Indiya.

Kammalawa

A ranar 23 ga Oktoba 1942 aka fara gwabzawar El Alamein, inda sojojin Janar Montgomery suka karya lagon Rommel, suka kore shi daga Masar. Wani babban dalilin nasarar shi ne rinjayen da suka samu a sama. Kwamandan rundunar saman da ta yi wannan aiki kuwa shi ne Arthur Coningham, wanda ya sauka Kano shekara 17 kafin nan. Ba duk jiragensa ne suka biyo ta Takoradi ba, amma kaso mai tsoka daga cikinsu sun sha mai a Kano da Maiduguri.

Da yaƙi ya ƙare, filin Kano ya zama mashigar jiragen fasinja masu ƙetare Sahara, daga baya kuma alhazai suka fara tashi daga nan zuwa Jidda. Hanyar da ƙafafun mahajjata suka fitar, yaƙi ya ara, ta sake komawa hannun masu ita. Abin da ya rage mana shi ne tattara labarin. Waɗanda suka ɗauki marmarar nan kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, sai 'ya'yansu da jikokinsu da suka ji daga bakinsu. Wajibi ne sassan tarihi na jami'o'inmu su nemi waɗannan mutane, su kuma tono takardun da ke ajiye a Ma'adanar Tarihi ta Kaduna, tun kafin abin da ya saura ya bi iska.