Daga Wuri zuwa Fansho: Ajiya da Bashi a Ƙasar Kaura Namoda

Wanda ke neman tarihin tattalin dukiya a ƙasar Kaura Namoda da Zurmi da Shinkafi, har da garuruwanta irin su Katuru, ba lalle sai ya tona takardun En'e ba, gama harshen mutanen ya riƙe masa rabin labarin. Kalmar "kuɗi" ita kanta jam'in "wuri" ce. A zamanin Namoda, wanda ya kafa Kaura a farkon ƙarni na 19, da wuri ake ciniki, wuri 20,000 shi ne keso guda. Amma mai hankali ba ya tara arzikinsa duka a keso. Makiyayi shanunsa yake kira "dukiya". Manomi kuwa rumbu ne bankinsa, gandu ne fanshonsa, watau in ƙarfinsa ya ƙare 'ya'yansa su yi noma, shi ya riƙe rumbu. Ko wannan ajiya ba ta rasa ranar wuya ba, domin bushiya ta kashe shanu wajen 1890, yunwar 1914 kuma ta share rumbuna.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, suka hana shigo da wuri, suka nemi haraji da tsabar kuɗinsu. Wanda ya binne wuri sai ya tono abin da kasuwa ta daina so. Nan fam da sule da sisi da kwabo suka shigo Hausa daga bakin Ingilishi, "jaka" kuma ta zama fam 100.

A 1929 hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta iso Kaura Namoda, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga. Kamfanoni kan ba dillalai kuɗi tun kafin kaka, su kuma su raba wa manoma. Da haka falle ya ƙara ƙarfi. Falle shi ne manomi ya karɓi kuɗi ko hatsi da damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ya biya da amfanin gona da kaka. Hasararsa biyu ce: ya ci da tsada, ya biya da araha. A shekarar nan ce kuma kasuwar duniya ta faɗi, kuɗin gyaɗa ya karye, haraji bai sauka daidai da shi ba. In biya ya faskara sai jinginar gona, wanda ya jinginar da gona kuwa ya taɓa abincin tsufansa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma sun bambanta falle da adashi, inda kowa ke zubi ya kwasa ba riba, daidai da hanin Shari'a.

A 1973 naira ta maye gurbin fam, jaka ta koma naira 200. Daga 1986 darajar naira ta yi ta zubewa, har jakar da dā ke sayen shanu ta kasa sayen mudun gero. Ma'aikacin da ya dogara ga fansho kaɗai shi ya fi jin jiki. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta sa ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba 10, a asusu mai sunansa. Ta yi maganin rashin tanadi, ba ta yi maganin tsada ba.

Komawa ga shanu ma ba tsira ba ce. Satar shanu ta yawaita, har a 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako na wani lokaci. Da canjin kuɗi ya kawo ƙarancin tsaba a farkon 2023, Zamfara na cikin jihohi uku da suka fara kai ƙara Kotun Ƙoli.

Alhasali, wuri da rumbu da garke da banki kowanne ya taɓa cin amanar mai shi, amma ba a rana ɗaya ba. Saboda haka magabata suka raba ajiyarsu gida-gida, suka kuma yi ƙyamar cin amfanin gona tun yana tsaye.