Hasashen da Ya Kuskure, Ya Kuma Haifi Ilimin Hasashen Yanayi

A shekarar 1922 wani masanin lissafi ɗan Ingila mai suna Lewis Fry Richardson ya wallafa littafi kan yadda za a yi hasashen yanayi da alƙalami da takarda. Cikin littafin akwai gwaji guda ɗaya tak, kuma gwajin ya faɗi warwas. Duk da haka, hasashen ruwa da iska da ake karantawa a rediyo yau jikan wannan littafi ne.

Kafin zamaninsa, masu hasashe kan zana taswirar yanayin yau, su nemi wata tsohuwar taswira mai kama da ita, su ce abin da ya biyo bayan waccan shi zai biyo bayan wannan. A 1904 wani masani ɗan ƙasar Norway, Vilhelm Bjerknes, ya kawo wata shawara: iska na bin dokokin fiziks kamar kowace halitta, saboda haka in an san halin da take ciki yanzu, ana iya lissafa halin da za ta shiga anjima. Wannan shi ake kira samfurin lissafi, wato a mayar da wani yanki na duniya jerin ƙa'idoji da alƙaluma, a gudanar da shi a kan takarda kafin ya gudana a zahiri. Matsalar ita ce ƙa'idojin iska sun sarƙe ta yadda babu mai iya warware su kai tsaye.

Richardson ya zo da dabara. Ya yanka sararin samaniyar Turai gida-gida kamar gidan dara, kowane gida tsawonsa kusan kilomita 200, ya kuma raba shi hawa 5 daga ƙasa zuwa sama. A kowane gida sai a rubuta matsin iska da zafi da laima da gudun iska, a lissafa abin da ke shiga da abin da ke fita, a matsa gaba da sa'o'i kaɗan, a sake. Ta haka lissafi mai wuya ya koma tarawa da ɗebewa da ninkawa, sai dai yawansu ya wuce misali.

Inda ya yi aikin ma abin mamaki ne. Richardson ɗan ɗarikar Kweka ne, Kiristocin da ba su yarda da ɗaukar makami ba, don haka a Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zama direban motar ɗaukar masu rauni a Faransa daga 1916. A lokutan hutu yake zama da takardunsa. Ya zaɓi safiyar 20 ga Mayu 1910, ranar da tashoshin Turai suka harba balan-balan masu na'urori don auna sama, ya nemi sauyin da za a samu cikin sa'o'i 6 a tsakiyar Turai. Ya ce lissafin ya ci masa kusan mako 6. A 1917 rubutun ya ɓace a ruɗanin yaƙi, sai bayan watanni aka tsinto shi ƙarƙashin tarin kwal.

Sakamakon ya nuna matsin iska zai hau da milibar 145. Matsin da aka saba gani a bakin teku kusan 1013 ne, kuma ko guguwa mai ƙarfi ba ta kawo irin wannan tsalle. A ranar kuwa matsin kusan bai motsa ba. Richardson bai ɓoye ba. Ya buga lissafin daki-daki, ya kuma ɗora alhakin kan rashin ingancin awon iskar da ya fara da shi. A littafin ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi tare kafin a riga yanayin duniya isa gobe.

Shekaru da dama bayan rasuwarsa, wani masanin yanayi ɗan Ireland, Peter Lynch, ya maimaita aikin da kwamfuta, ya bayyana shi a littafinsa na 2006. Ya tarar hanyar Richardson lafiya lau take. Cutar tana cikin alƙaluman farko, domin awon iska da awon matsi ba su jitu da juna ba, sai wannan saɓani ya haifar da kaɗawa mai sauri a cikin samfurin. Kamar mai kallon ruwa ne a ƙwaryar da aka ɗauko: in ya auna hawan ruwan a gefe cikin daƙiƙa ɗaya, ya ninka zuwa sa'a guda, zai ce ruwan zai kai rufin ɗaki, alhali tangal-tangal kawai yake yi. Da Lynch ya tace alƙaluman, sai 145 ɗin nan ta faɗo ƙasa da milibar 1.

Wanda ya fara kauce wa tarkon shi ne Jule Charney a Amurka. A 1950, tare da John von Neumann da abokan aikinsu, ya sauƙaƙa ƙa'idojin ta yadda kaɗawa mai sauri ba ta da wurin shiga, suka ɗora su kan kwamfutar ENIAC. Hasashen sa'o'i 24 ya ci kusan sa'o'i 24, amma ya yi kama da gaskiya. An aika wa Richardson sakamakon, ya kuma yaba. Shi kansa ya bar hukumar yanayi ta Birtaniya tun 1920, lokacin da aka mayar da ita ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da sojan sama, ya karkata ga nazarin musabbabin yaƙe-yaƙe da lissafi har ya rasu a 1953. Zuwa 1955 hasashe da kwamfuta ya zama aikin yau da kullum a Amurka.

Samfurin yanayi na tsaye ne a kan duwatsun murhu uku: dokoki, ƙarfin lissafi, da awon farko. Dokoki an san su tun zamanin Bjerknes, kwamfuta kuma ta ɗauke aikin mutum 64,000. Dutse na uku ne har yanzu ke rawa. A 1963 Edward Lorenz ya nuna cewa ɗan ƙaramin kuskure a awon farko kan yi ta ninkuwa, shi ya sa hasashen rana-rana ba ya wuce kusan mako biyu.

Nan ne labarin ya shafe mu. Afirka na cikin nahiyoyin da suka fi ƙarancin tashoshin auna yanayi, ga shi ruwan Sahel yakan zo da hadari mai haɗuwa cikin sa'o'i kaɗan, wanda samfura ke wahalar kamawa. Hukumar NiMet a Najeriya da cibiyar AGRHYMET da ke Yamai suna fitar da hasashen damina kowace shekara, manomi kuma na iya zuba irinsa bisa abin da ya ji. In ruwa ya ɗauke bayan shuka, kwamfuta ake zagi. Tarihin Richardson na nuni da inda ya kamata a fara dubawa: tashoshi nawa ne ke aiki tsakanin Sakkwato da Diffa, balan-balan nawa ake harbawa a rana, kuma wa ke biyan ma'aikacin da ke karanta ma'aunin ruwa kowace safiya.